Ƙyandar Lami

Landan,
14 ga Janairu, 1974.

Zuwa ga matata, Maman Lami,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da ke da Lami da Mama, da dukan mutanen gidanmu na Badarawa. Ni ma lafiya ƙalau, sai sanyi. Da safe yatsuna ba sa riƙe biro sai na ɗumama su a jikin kofin shayi. Hoton Kirsimeti ya iso. Wata huɗu kacal da tafiyata, amma Lami ta zama wata yarinya dabam. Wa ya yi mata wannan kitson?

Kin yi ƙorafi cewa ban taɓa gaya miki abin da gwamnati ta turo ni in koya ba. To, Malama, yau ke ce 'yar aji. Shekara shida na yi a ɗakin gwaji na asibiti ina duba jini da majina a madubin likita. Na san sunayen ƙwayoyin cuta, amma ban san halinsu ba. Ashe ba dangi ɗaya ba ne, kuma ba ta hanya ɗaya suke kayar da mutum ba.

Akwai bakteriya. Ita 'yar halitta ce mai cin gashin kanta. Ta shiga jiki, ta sami ɗumi da abinci, ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, kafin yini ya ƙare sun fi mutanen Kaduna yawa. Wasu nama suke ci su tara mugunya, kamar marurun da ya fito wa Mama a ƙafa bara. Wasu dafi suke zubawa. Amai da gudawar da ta yi mana ɓarna shekara uku da suka wuce, dafin bakteriya ne yake sa hanji ya tsiyaye ruwan jiki. Da yawa daga cikinsu fenisilin yana rushe musu bangon da ya kewaye su, su mutu. Shi ya sa allurar Datti mai kemis ta warkar da Mama.

Akwai kuma 'yan ci-ma-zaune, irin tsutsar ciki da kurkunu. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma cikinsu take. Tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa, ta fasa su lokaci guda, kuma fashewar nan ce take sa mutum rawar ɗari. Makeron da yake cin kan 'yan ajinki kuwa, dangin funfunar da take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ne. Ki gaya musu su daina aron mataji.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne bairus. Madubinmu na Kaduna ba ya ma ganinsa. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa shi kaɗai. Jikin mutum da ƙananan ɗakuna aka gina shi. Bairus sai ya kutsa cikin ɗaki guda ya tilasta masa ƙera irinsa, har ɗakin ya lalace, su bazu zuwa na gaba. Mura bairus ce, haka shan-inna, haka ƙyanda. Ko allurar fenisilin ɗari aka yi wa yaro mai ƙyanda, ba za ta taɓa cutar ba, jiki ne yake yaƙinsa da kansa. Masu kemis sokar yara kawai suke yi a banza.

Takarda ta ƙare. Ki gaishe da Mama da Fasto. Ki gaya wa Lami Baba yana zuwa watan Satumba.

Mijinki,
Irmiya.


Badarawa, Kaduna,
2 ga Maris, 1974.

Baban Lami,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata sanyin ya ragu. Mu nan zafi ya fara, mangwaro ya shigo kasuwar Kawo. Ni lafiya, Mama lafiya. Lami ce ba ta jin daɗi, amma da sauƙi.

Kada hankalinka ya tashi. Ran Talata ta fara zazzaɓi da tari, idanunta suka yi ja. Jiya Juma'a ƙuraje suka feso mata a bayan kunne da goshi, yau sun sauko ƙirji. Ƙyanda ce. Ta shigo unguwa, a ajina ma a Unguwar Rimi yara bakwai ba sa zuwa.

Mun ɗan sami saɓani da Mama. Ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta kira Datti mai kemis ya yi wa Lami allura. Na ce ta dakata. Na ɗauko wasiƙarka ta Janairu daga cikin Littafi Mai Tsarki, na karanta mata wurin da ka yi maganar bairus, sau biyu. Ta ce, “Ni ban san bairus ba, na san allurar nan ta warkar da ƙafata.” Na ce, “Mama, taki bakteriya ce, wannan dabam take. Ɗanki ne ya rubuta, kuma abin da aka kai shi ya koyo ke nan.” Ta kalli takardar ta daɗe, sannan ta kwance ɗankwalin ta zauna.

Ka ga 'yar ajinka ta riƙe darasi. Ina ba ta kunu da ruwan lemo, ina goge mata ido da ruwan ɗumi. Asibiti ma ban ga amfanin kai ta ba, tunda babu allurar da take taɓa cutar, ga layi, ga rana. Da safe idan na tafi makaranta Mama tana tare da ita.

Ta ƙi kowa sai bayana. Yanzu ma da ita a goye nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace.

Matarka,
Rahila.


Landan,
11 ga Maris, 1974.

Maman Lami,

Ina gaishe ku. Yanzu wasiƙarki ta 2 ga wata ta iso, a tsaye nake rubuta wannan a gidan waya. Ki karanta ta sau biyu.

Abin da na rubuta miki a Janairu gaskiya ne, amma rabi ne. Ƙyanda ba ta cika kisa ita kaɗai ba, ƙofa take buɗewa. Bairus ɗin yana saɓule cikin maƙogwaro da hanyar iska, ya gajiyar da jiki. Akwai bakteriya da suke zaune a hancin kowane yaro ba sa yin komai. Idan suka ga jiki ya raunana, sai su gangara huhu. Wannan shi ne ciwon huhu, kuma shi fenisilin yana kama shi.

Ki lura da abu uku. Idan zazzaɓin ya sauka sannan ya dawo. Idan numfashinta ya yi sauri: ki ɗora agogonki, ki ƙirga na minti ɗaya tana kwance, in ya kai hamsin kada ki jira. Idan ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki in ta ja iska. Ko ɗaya kika gani, ki bar aji, ki bar girki, ki ɗauki tasi zuwa asibiti. Ko ba ki ga komai ba ma, ki kai ta a duba.

Na san kwana tara ke nan da rubutunki. Ina sa rai kafin wannan ta iso ta warke, kina yi mini dariya. Ki ba ni amsa ranar da kika karɓa.

Irmiya.


Badarawa,
23 ga Maris, 1974.

Baban Lami,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, ni da Mama.

Fasto ya ce ya buga maka telegiram, saboda haka ka riga ka ji. Wasiƙarka ta 11 ga wata ta iso jiya. Na duba kwanan watan da yake samanta. Ranar da muka rasa Lami ce.

Zan faɗa maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani.

Ran Laraba 6 ga wata zazzaɓin ya sauka. Ƙurajen suka fara baƙi suna saɓa. Ta sha kunu rabin kofi, ta sauka ta bi kaza har bakin rijiya. Mama ta ce an gode Allah. Ran Alhamis da na dawo daga makaranta na tarar jikin ya sake zafi, tana numfashi da sauri. Mama ta ce, “Rahila, ko a kira Datti?” Na ce cutar ce take ƙarasa fita. Ran Juma'a na tafi makaranta. Ran Asabar ta daina kuka, sai wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Na ga haƙarƙarin yana lotsawa. Na gani da idona, na ɗauka rama ce.

Ran Lahadi bayan sujada matan zumunta suka zo dubiya. Sista Rifkatu, nas ɗin nan da take jan waƙa, tana cikinsu. Ta ɗaga rigar Lami, ta sauke, ta ce, “Tun yaushe take haka?” Na ce tun Alhamis. Ita ta fita titi ta tare tasi.

A asibiti likita ya sa abin aunawa a bayanta, ya ce huhun duka biyu sun cika. Aka yi mata allura. Na tambayi nas sunan allurar, ta ce fenisilin. Aka sake yi mata da yamma, aka sake da safe. Ran Litinin wajen sha biyun rana ta buɗe ido ta ce ruwa. Na juya in zuba a kofi. Da na juyo ta tafi.

An binne ta da yamma. Fasto ya yi addu'a, ban riƙe abin da ya ce ba. An sa mata rigar da take cikin hoton.

Na koma aiki bayan mako guda. Ina kiran suna, yara suna amsawa. Bakwai ɗin nan duk sun dawo. Ina cin abinci, ina barci. Ban yi kuka ba, kuma na lura mata suna kallona a kan haka. Ba riƙewa nake yi ba, babu ne. Mama ba ta ambaci Datti ba ko sau ɗaya. Tana dafa abinci ta ajiye mini, ta ce, “Ci.”

Tambaya ɗaya nake da ita, kuma kai ne ka san aikin. Da an yi allurar, da tana nan? Kada ka ba ni amsar Fasto. Ka ba ni ta ɗakin gwaji.

Rahila.


Landan,
4 ga Afrilu, 1974.

Rahila,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Ubangiji ya riƙe mu. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Telegiram ɗin Fasto ya same ni kwana biyu bayan na jefa waccan wasiƙar. Na karanta, na sa a aljihu, na koma kan kujerata na ƙarasa aikin da aka ba mu. Sai da yamma abokin zamana ya tambaye ni me ya sa ban cire rigar aiki ba. Sau huɗu na fara rubuta miki ina yagawa.

Kin ce in ba ki amsar ɗakin gwaji. Ga ta.

Ba a ɗebi majinarta an shuka an ga abin da ya tsiro ba, saboda haka babu mai iya rantsuwa. Wani lokaci bairus ɗin ƙyanda da kansa yake cin huhu. Idan shi ne, babu allurar da za ta yi amfani, ko ranar farko aka yi. Na kai wa malamarmu bayaninki, tsohuwar likita ce da ta daɗe tana aikin yara. Ban ce mata 'yata ce ba. Ta ce zazzaɓin da ya sauka sannan ya dawo ya fi kama da bakteriya. Su suke cika 'yan jakunkunan iska na huhu da mugunya har iska ta rasa wurin shiga. Ran Lahadi fenisilin ya kashe su, amma huhun ya riga ya cika.

Allurar da Mama ta so a yi ran 2 ga wata, ban san ko za ta hana ba. Amma da an kai ta ran Alhamis ɗin nan, mai yiwuwa da tana nan.

Ban san abin da zan ƙara ba. Ina zuwa aji. Ina wanke kwanona. Ki rubuto.

Irmiya.


Landan,
3 ga Yuni, 1974.

Rahila,

Ina gaishe ki da Mama. Ina fata damina ta sauka lafiya. Ni ina nan.

Wata biyu ke nan babu wasiƙarki. Na rubuta sau uku. Kullum ina duba teburin da ake ajiye wasiƙu a ƙofar gida. Jiya ta Fasto ta iso. Ya ce kin gaya wa Sista Rifkatu, “Baban Lami ma ya ce ni ce.”

Ban ce ba. Na san layin da kika karanta. Da na rubuta “da an kai ta”, ba ke nake nufi ba. Ni nake gani a cikin maganar. Ke kin yi abin da mijinki ya rubuta miki da hannunsa. Ni ne na ji darasi na mako biyu, daɗi ya kama ni, na zauna ina koyar da ke kamar na gama sani, har ina zagin masu kemis. A watan Fabrairu aka koya mana yadda bakteriya take bin bayan ƙyanda. Na rubuta a littafina, na ja layi a ƙarƙashi. A watan nan wasiƙa biyu na aiko miki, na cika su da labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na san bazara lokacin ƙyanda ne. Na san Lami ba ta yi ba. Bai zo mini a rai ba.

Na je ofishin da yake kula da ɗalibanmu na tambaya. Sun ce idan na bar kwas ɗin yanzu za su sa ni a jirgi cikin mako biyu, sai dai babu takardar shaida. Ban damu da ita ba. Kalma ɗaya za ki rubuto, in taho. Idan kuma ba kya son ganina yanzu, wannan ma ki rubuto.

Mijinki,
Irmiya.


Badarawa,
22 ga Yuni, 1974.

Maigida,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, masarar da Mama ta shuka a bayan ɗaki ta kai gwiwa. Wasiƙunka duka sun iso. Ba fushi nake yi ba. Nakan ɗauki biro in zauna, sai in ga babu abin rubutawa. Yau akwai.

Ka tuna Malam Yusha'u, akawun nan na ma'aikatar ayyuka da katangarmu take haɗe? Ɗansu Muhammadu, mai shekara ɗaya da rabi, ya yi ƙyanda farkon watan nan. Ban shiga dubiya ba. Ran Talatar makon jiya na dawo daga makaranta ina shanya a jikin katanga, sai na ji nishin nan. Na san shi. Na ƙarasa shanya zanen da yake hannuna, sannan na zaga.

Matarsa Hafsatu tana zaune da shi a cinya. Ta ce, “Maman Lami, sannu da zuwa. Jikin da sauƙi, shekaranjiya har wasa ya yi, jiya ne zafin ya dawo.” Na ɗaga rigarsa. Na cire agogona na ƙirga. Sittin da biyu. Na sake ƙirgawa, sittin da huɗu.

Na ce, “Tashi mu tafi asibiti.”

Ta ce, “Malam yana ofis, sai ya dawo in tambaye shi. Kuma an ce ba a yi wa mai ƙyanda allura.”

Na ce, “Ba ƙyanda ba ce yanzu. Wata ce ta biyo bayanta. Ba ni shi.”

Ban jira ta ba ni ba. Na ɗauke shi na goya da zanen da yake kan igiyarta, na fita. Tun Maris ban goya kowa ba. Ina jin zafin ƙirjinsa a bayana. Kafin in kai titi ta biyo ni da mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. A asibiti ban bi layi ba. Na wuce kai tsaye na ce wa nas, “Ƙyanda, zazzaɓi ya dawo jiya, numfashi sittin da huɗu.” Ta kalle ni ta ce ko ni ma'aikaciya ce. Na ce a'a.

Kwana shida suka yi. Ya warke. Malam Yusha'u ya zo har ƙofar gida ya yi godiya, ya ce Allah ya saka. Jiya da la'asar Hafsatu ta kawo shi, ta ɗora mini shi a cinya tana hawaye. Ya rame, amma yana jan sarƙar wuyana yana dariya. Na zauna ina jira in ji wani abu, daɗi ko baƙin ciki. Ban ji ba. Na riƙe shi har hannuna ya gaji, na mayar mata.

Kada ka taho. Saura wata uku, ka gama. Ka koyo darasin har ƙarshensa. Maganar laifin wane ne, ni ko kai, na daina yi wa kaina ita. Ba amsa na samu ba, gajiya na yi.

Bayan Hafsatu ta fita, muna zaune da Mama a tsakar gida muna tsince acca. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Rahila, ran Juma'ar nan ta watan Maris kina makaranta, ni kaɗai ce da Lami tun safe har azahar. Ina da ƙafa. Na goya ta har na kai ƙofar gida, na tsaya, na dawo.”

Na ce, “Me ya dawo da ke, Mama?”

Ta ce, “Na ji tsoron takardar da kika karanta mini.”

Na matsa kusa da ita, muka haɗa accar a faifai ɗaya, muka ci gaba da tsincewa har rana ta faɗi.

Tana gaishe ka. Ta ce ka rubuto ranar da jirginka zai sauka.

Matarka,
Rahila.